Ciniki Ne Ko Haya? Darasin Da Rigimar Wani Wasan Amurka Ke Koya Wa Ƴan Kasuwar Damagaram

Duk wanda ya taɓa zaman rumfa a Kasuwar Dole ya san wata ƙa'ida da ba a jayayya a kanta, wato da zarar mai kaya ya ce ya sallama, kuɗi kuma suka shiga hannunsa, to kaya ya zama na mai saye. Matar da ta sayi turmin atamfa ba ta fargabar cewa baɗi mai kanti zai biyo ta gida ya ce sabon yayi ya fito, ta miƙo tsohon a canja mata ko tana so ko ba ta so. In ta ga dama ta ɗinka, in ta ga dama ta ajiye a akwati har ranar auren ɗiyarta. A kan wannan ƙa'ida aka gina kasuwancin Damagaram tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin raƙuma ke sauka a Zango da hajar Tarabulus da Agadas, a wuce da wata Kano.

To amma a ƴan shekarun nan wani sabon salon ciniki ya shigo mana ta wayar salula da akwatin talabijin, inda mutum ke biyan kuɗi duk wata, abin da muka fi sani da abonema, ko kuma ya danna inda aka rubuta "saya", alhali abin da ya saya yana ajiye ne a rumbun kwamfutar kamfani a wata ƙasa. Muddin kamfanin na so, abin na aiki. Ranar da ya ga tsohon kayan ya daina kawo masa riba sai ya janye hannu, mai saye ya wayi gari da akwatin da ba shi da makulli. Wata rigima da aka yi a Amurka kan wani wasa ta fito da wannan al'amari fili, kuma ya kamata ƴan kasuwarmu maza da mata su san labarin, domin masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, ana taƙaita shi da D&D. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Mutane huɗu ko biyar ne ke zama a tebur, ɗaya ya riƙa ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labarin, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wani kuma matsafi. Idan aka zo wurin da ba a san wanda zai yi nasara ba, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, sai dai tasu har da mai fuska 20. Dokokin wasan suna cikin manyan littattafai, kuma labari guda kan ɗauki ƴan wasa shekara biyu ko uku suna haɗuwa duk mako. Wasan kansa bai dame mu ba a wannan sharhi, cinikin da ke bayansa ne abin dubawa.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi wasan a 1997, shi kuma babban kamfanin kayan wasan yara na Hasbro ya saye Wizards a 1999. Tun daga nan duk bayan wasu shekaru sai a sake dokokin a fito da sabon bugu: na uku a 2000, na huɗu a 2008, na biyar a 2014, sannan aka sake yi wa na biyar ɗin kwaskwarima a 2024. A zamanin takarda wannan bai tayar wa kowa da hankali ba. Wanda ke son sabo ya saya, wanda ya fi son tsoho ya ci gaba da littafinsa, kuma har gobe akwai masu wasa da littattafan da aka buga kafin a haife su. Matsalar ta fara ne lokacin da littafin ya bar kan tebur ya koma intanet.

A 2008 kamfanin ya buɗe wani shiri na biyan wata-wata mai suna D&D Insider domin bugu na huɗu. Da farko manhajar da ke lissafa wa ɗan wasa ƙarfin jaruminsa ana sauke ta ne a kwamfutar mutum, ta zauna tare da shi. A 2010 sai aka mayar da ita wadda ba ta aiki sai an shiga intanet. Da bugu na biyar ya fito a 2014, kamfanin ya daina ƙara komai a tsohon shirin, a farkon 2020 kuma ya rufe shi baki ɗaya. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna biya suka tashi ba su da abin nunawa. Waɗanda suka sayi littafin takarda kuwa, nasu na nan a kan kanta. Haka kuma a 2009 kamfanin ya janye dukkan tsofaffin littattafansa daga shagunan intanet da sunan yaƙi da masu satar fasaha, bai dawo da su ba sai 2013.

Shirin da ya gaji wancan shi ne D&D Beyond, wanda wani kamfani mai suna Curse ya buɗe a 2017. Daga baya ya koma hannun kamfanin Fandom, sannan Hasbro ya saye shi a 2022 kan dalar Amurka miliyan 146, sama da biliyan 80 na kuɗin sefa. Wato cikin shekara biyar shagon ya sauya ubangida sau biyu, masu kaya a ciki kuwa babu wanda ya shawarce su. A ƙarshen 2022 shugabar Wizards ta wancan lokaci, Cynthia Williams, ta shaida wa masu hannun jari cewa ba a samun kuɗi daga wasan gwargwadon yadda ya kamata. Mai hankali ya san inda irin wannan magana ta dosa.

A watan Janairun 2023 asiri ya tonu cewa kamfanin na shirin soke wani lasisi da ya bayar tun 2000, wanda ya ba ƙananan mawallafa damar rubuta nasu littattafan a kan dokokin wasan ba tare da biyan ko kwabo ba. Ƴan wasa ba su tsaya ga surutu kawai ba, sai suka yi ta soke abonemansu. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ma ya saki tushen dokokin bugu na biyar ƙarƙashin wani lasisi da shi kansa ba zai iya sokewa ba. A watan Agustan 2024 aka sake kwatawa. Ana dab da fito da sabon littafi, kamfanin ya sanar da cewa zai maye gurbin wasu sassan dokokin 2014 da na 2024 a cikin manhajar, wanda kuma ke son tsohon sai ya zauna ya sake shigar da su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, duk da cewa ya biya kuɗinsu. Aka sake yin ca a kansa, cikin ƙasa da mako guda ya lashe amansa, ya ce tsoho da sabo za su zauna tare.

Abin lura a wannan labari abu biyu ne. Na farko, a tsarin biyan wata-wata tsohon kaya na rayuwa ne da izinin kamfani. Na biyu, kamfani na jin magana idan masu biya suka haɗa kai suka taɓa aljihunsa. Yanzu sai mu dawo gida mu auna kanmu da wannan mudu.

Mu ɗauki WhatsApp. Yau da wuya ka samu mai shago a Dole ko mai sana'ar cikin gida a Birni da ba ta amfani da shi. Da shi ake turo hoton atamfa da leshi daga Kantin Kwari, da shi ake jin farashin wake da riɗi a Matamaye da Magarya, a cikinsa ake tura hoton rasit bayan an aika kuɗi ta Nita ko Al Izza. Mata da yawa da ba su yi lakwal ba sun mayar da saƙon murya littafin bashinsu: wance ta ɗauki turmi biyu, za ta biya ranar kasuwar Mirya. Gaskiya ne ba a biyan kuɗin WhatsApp, sai dai kuɗin intanet, amma ƙa'idar iri ɗaya ce da ta wancan wasa. A ƙarshen 2017 ya daina aiki a wayoyin BlackBerry. A ƙarshen 2018 ya bar ƙananan wayoyin Nokia masu tsarin S40. A Oktoban 2023 ya yi sallama da duk wayar Android da tsarinta bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma iPhone 5s da iPhone 6 suka bi sahu. Wayar lafiyarta ƙalau, tana kira tana amsawa, amma ƙofar kasuwa ta rufe mata.

Wannan ya fi shafar mu fiye da mutanen Turai, saboda yawancin abin da ke hannun talakawanmu wayoyin hannu ne da suka gama yayinsu a wata ƙasa kafin su iso nan. Wanda ya sayi sabuwa a Faransa yana da shekaru masu yawa a gabansa. Wanda ya sayi irinta a hannu na biyu ko na uku, ragowar kwanakinta ya saya, kuma mai sayarwa ba zai gaya masa saura nawa ba, domin sau da yawa shi ma bai sani ba. Haka abin yake ga masu shagunan buga takardu da ke kewayen ofisoshi da makarantu, domin tun 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba.

Mu ɗauki fim. Tun da aka fito da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya zama haja, ana sarinsa a Ƙofar Wambai da Bata a kawo Damagaram da Maraɗi, da farko a kaset, daga baya a faifai. Wanda ya saya ya kalla, ya ara wa maƙwabci, ya ajiye. Yau kasuwar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da manhajojin da ake biya kafin a kalla. An samu sauƙi, babu musu. Amma fim ɗin da mai tashar ya sauke ko aka rufe masa tasha ya tafi ke nan, kuma tsofaffin fina-finai da yawa na zamanin kaset ba wanda ya ɗora su ko'ina, saboda ba wanda ya ga riba a yin hakan. Mai dekodar Canal+ shi ma ya san darasin: akwatin nasa ne, faranti nasa ne, amma ranar da wata ya cika bai biya ba sai allo ya gaya masa ko wane ne mai gidan.

Ƴan kasuwarmu ma sun ɗanɗana irin wannan a kan abin da ya fi fim da waya, wato kuɗi. A 2004 bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun sefa na 1992, aka yi ta layi a bankuna. A Oktoban 2022 gwamnan babban bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ba da wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Duk ɗan Damagaram da ke sari a Kano ko Daura ya tuna yadda aka shiga ruɗani, mutum na riƙe da buhun naira amma ba mai karɓa. Sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a watan Maris na 2023 sannan tsofaffin takardun suka ci gaba da aiki tare da sababbi. Bambancin shi ne a can akwai kotun da gwamnoni suka kai ƙara. Mai tsohuwar waya a Garin Malam, wace kotu za ta kai kamfanin da ke Kalifoniya?

Sannan kar a manta da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. A waɗannan watanni duk wanda lissafinsa ke cikin waya ya ga yadda yake zama makaho da zarar caji ya ƙare ko rezo ya ɗauke. Kamfanonin layin ma kansu suna sauya hannu: Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010, Orange kuma ya sayar da reshensa na Nijar a 2019 aka samu Zamani. Wanda ka ƙulla yarjejeniya da shi jiya ba lallai ne shi za ka tarar gobe ba.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanonin. Kula da tsohuwar manhaja na cin kuɗi da ma'aikata, kuma tsofaffin wayoyi na da kafofin da ɓarayin intanet ke shiga, waɗanda ba a iya toshewa. D&D Insider ɗin ma an gina shi ne a kan wata fasahar Microsoft da shi kansa Microsoft ɗin ya yi watsi da ita. Takarda ita ma ba ta da tabbas, gara na cin ta, ruwa na jiƙa ta, kuma gobarar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016 ba ta bar littafin bashin kowa ba. Don haka babu mai hankalin da zai ce a jefar da waya a koma zamanin wuri. Inda laifin yake shi ne a kira haya da sunan ciniki. Malamanmu da ke karantar da Risala a zaurukan Birni sun bambance mana saye da sayarwa daban, haya daban, kuma sun ce ita haya sai an san kuɗinta an kuma san wa'adinta. Cinikin da aka karɓi kuɗinka aka ce ka saya, alhali wa'adin na aljihun mai sayarwa, bai cika sharaɗin ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Wasu ƙasashe sun fara gane haka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ta hana shagunan intanet rubuta "saya" a kan abin da a haƙiƙa izinin amfani ne kawai, sai sun bayyana wa mai saye ƙarara. A Turai kuma, bayan kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wani wasan tseren mota mai suna The Crew a 2024 duk da mutane sun biya kuɗinsa, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ga Tarayyar Turai a 2025. Mu a nan muna da hukumar ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, muna da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye. Ba za su iya tanƙwara kamfanin Amurka ba, amma za su iya tilasta wa masu aiki a cikin ƙasa su bayyana sharuɗɗansu da Hausa da sauran harsunan ƙasa a rediyo: bayan kwana nawa ake karɓe layin da ba a amfani da shi, ina kuɗin da ke cikinsa suke zuwa, kuma wace sanarwa ake bai wa mutum kafin a daina kula da tsohuwar na'ura.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da shugabannin layin masu sayar da waya su ma suna da rawar takawa, kuma tasu ta fi kusa. Kamar yadda ba a yarda a sayar da madarar gwangwani da kwananta ya wuce ba, bai kamata a sayar wa mace wayar da WhatsApp ya kusa bari ba tare da an gaya mata ba. Ƴan wasan Amurka sun ci nasara ne don sun yi magana da murya ɗaya, kuma mu nan ba mu rasa ƙungiya ba, ko adashin mata kawai ya isa misali.

Kafin a kai can, akwai abin da kowa zai iya yi daga yau. Duk bashin da aka ƙulla ta saƙon murya a shigar da shi cikin kaye a ranar, da suna da adadi da wa'adi, wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ɗan makaranta, da boko ko da ajami duk ɗaya ne. A riƙa ɗaukar hoton shafin kayen lokaci-lokaci domin in wuta ta ci takarda waya ta tsaya mata, in waya ta mutu takarda ta tsaya. Lambobin abokan ciniki na Kano da Agadas da Yamai a kwafe su a takarda. Hotunan rasit a sauke su a katin memori, kada a bar su cikin hira kawai. Mai sayen wayar hannu ya sa a buɗe masa inda ake ganin lambar tsarin Android kafin ya biya, in lambar ta yi ƙasa sosai ya rage farashi ko ya haƙura. A kuma sani cewa WhatsApp kan goge asusun da ya yi kimanin kwana 120 ba a buɗe shi ba, abin da ya shafi masu tafiya ƙauye noma duk damina. Sannan duk wanda ya zo maka da manhajar lissafin shago ta biyan wata-wata, tambayar farko ita ce: ranar da na daina biya, ko ku kuka rufe, ta yaya zan fitar da sunayen masu bashina? In ya fara inda-inda, ka riƙe kuɗinka.

Dattawan da ke buga dara a bakin kasuwa da yamma suna haƙa gurabensu ne a ƙasa, ƴaƴan kuma tsinke ne da tsakuwa. Babu kamfanin da zai aiko musu da sanarwar cewa daga wata mai zuwa an daina kula da dokokin da suka gada, domin dokokin na cikin kawunansu. Ɗan kasuwa ba zai iya tafiyar da shagonsa da tsinke da tsakuwa ba a wannan zamani, amma zai iya tabbatar da cewa abin da rayuwar shagon ta rataya a kai, wato sunan mai bashi da adadin bashin da lambar abokin ciniki, yana da kwafinsa a inda babu mai rufe masa. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga asarar da ba mu ji ba ba mu gani ba, amin.